Fashin baƙi: Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, wa zai biya, kuma nawa?

Duk lokacin da magini ya zamo daga kan katakon gini a Sabon Gari, ko injin niƙa ya cinye wa yaro yatsu, ko buhu ya danne ɗan dako wajen sauke kamyo a Kasuwar Dole, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisu da fadodin Damagaram: wa ke da alhakin biya? Wasu su ce maigidan aiki ne, tunda aikinsa ake yi. Wasu su ce in dai ganganci ne na yaron, ba wanda zai ba shi ko dala. Wasu kuma su rufe zancen da cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri, maigida ya sayi magani ya kawo buhun hatsi, shi ke nan.

Dokar Nijar ba ta bi ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi uku ba. A wurinta, kuɗin da ake ba wanda ya ji rauni a aiki inshora ce da aka riga aka biya tun kafin haɗarin. Ba kyauta ba ce daga maigida, ba kuma tara ba ce da ake ci wa mai laifi. Abin da ke sa mutane su rasa ta, yawanci, takardun da ba a yi ba ne a kwana biyun farko.

Me doka ke kira haɗarin aiki?

Ginshiƙai biyu ne. Na farko Kundin Dokokin Ƙwadago, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Na biyu dokar zartarwa mai lamba 65-117 ta ranar 18 ga Agusta 1965, wadda ta ɗora biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a a wuyan asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda jama'a ke kira Kes a taƙaice.

Haɗarin aiki shi ne duk haɗarin da ya sami ma'aikaci saboda aikin ko a lokacin da yake yin sa, ko mene ne sanadinsa. A lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Ba a buƙatar ma'aikaci ya nuna cewa maigida ya yi sakaci. Ko shi ne ya yi kuskuren taka tsani, ko ya manta bai kashe inji ba, haɗarin aiki ne. Abin da ke soke haƙƙi shi ne mutum ya ji wa kansa rauni da gangan. Ganganci mai tsanani da ba shi da uzuri kuwa yana iya sa a rage kuɗin, amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan bincike, ba maigida ne zai yanke shi a tsakar gareji ba.

Haɗarin hanya ma yana ciki. Ma'aikacin da mota ta buge shi yana kan babur daga gidansa a Garin Malam zuwa wurin aiki, ko yana komawa gida bayan an tashi, doka na kallon sa daidai da wanda ya ji ciwo a cikin ma'aikata. Sharaɗin shi ne bai katse tafiyar ba, bai kuma ratse hanya don wata hidimar kansa da ba ta shafi aiki ko buƙatar yau da kullum ba. Wanda ya tashi aiki ya wuce Mirriya gaisuwar biki, ya faɗi a hanyar dawowa da dare, zai sha wuya kafin a karɓi dosiyensa. Wanda maigida ya aika Magarya ko Tanut kuwa, tafiyar gaba ɗaya aiki ce.

Sai cutar sana'a, wadda ba ta zuwa da faɗuwa ko jini. Tana shiga a hankali: ƙurar dutse a huhun mai fasa dutse, sinadarin jima a fatar majemi, gubar dalma a jikin mai gyaran batir. A nan akwai jerin cututtuka da doka ta amince da su, kowace da irin ayyukan da ke jawo ta da kuma wa'adin da za ta iya bayyana bayan mutum ya bar aikin. Likitan da ya gano cutar shi zai rubuta alaƙarta da sana'ar, don haka wajibi ne majiyyaci ya gaya wa likita aikin da yake yi da shekarun da ya yi a kai. Da yawa ba sa faɗa, sai a yi ta ba su maganin tari.

Wane ne ma'aikaci a idon doka?

Nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Mutane sun ɗauka wannan tsari na masu kaki da kwalkwali ne kawai, irin ma'aikatan matatar mai ta SORAZ da ke hanyar Tanut, ko na banki da kamfanonin waya. Kundin Ƙwadago bai ce haka ba. Ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa ƙarfinsa ko basirarsa ƙarƙashin umarnin wani, ana biyan sa lada. Ba a sharɗanta kwantiragi a rubuce ba. Yarjejeniyar baki ma kwantiragi ce, kuma ana iya tabbatar da ita ta kowace irin shaida. Saboda haka mai gadin gida, direban ɗan kasuwa, mai aikin gidan burodi, leburan da ake biya kowace yamma, duk ma'aikata ne. Yaran da ke koyon sana'a a gareji ko wurin walda su ma tsarin haɗarin aiki ya ambace su. Cikakkun ma'aikatan gwamnati ne ke da nasu tsari daban.

A fagen gini akwai wata dabara da aka saba: babban ɗan kwangila ya ba wani ƙaramin ɗan kwangila aikin, shi kuma ya kwaso leburori. In haɗari ya faru, babban ya ce bai san su ba, ƙaramin ya ce ba shi da ko sisi. Doka ta hango wannan. Idan aikin a filin ginin babban ɗan kwangilar ake yin sa, kuma ƙaramin ya gaza, nauyin ma'aikatan na komawa kan babban.

Wanda ke aikin kansa, kamar tela mai shagonsa ko ɗan kabu-kabu mai babur ɗinsa, ba ya cikin tilas, amma Kes na da rajistar ganin dama ga mai son biya wa kansa. Ɗan kabu-kabun da ke tuƙa babur ɗin wani yana kai masa kuɗi kowace yamma, matsayinsa na da sarƙaƙiya: haya ce ko aiki? Amsar na rataye ne a kan ko mai babur ne ke tsara masa lokaci da hanya da hukunci, kuma alƙali ne ke warware irin wannan.

Kuɗin daga ina suke fitowa?

Daga aljihun maigida kaɗai. Reshen Kes mai kula da haɗarin aiki na karɓar kashi 1.75 cikin 100 na albashi, kuma ba a cire ko tamma daga albashin ma'aikaci saboda shi. Kashi 5.25 da ma'aikaci ke gani an zare a takardar albashinsa na fansho ne, wani reshe daban. A kan albashin sefa 90,000 a wata, kason haɗarin aiki sefa 1,575 ne. Gaskiya ne maigida ba wannan kaɗai yake biya ba, akwai kason iyali da na fansho da suka fi shi nauyi, kuma su ne ainihin abin da ƙananan ƴan kasuwa ke gudu. Amma duk maigidan da ya taɓa biyan kuɗin aikin ƙashi da watannin jinya daga aljihunsa ya san wanne ya fi sauƙi.

Rashin yi wa ma'aikaci rajista laifin maigida ne, bai mayar da ma'aikacin ba ma'aikaci ba. Sai dai hanyar ta ƙara tsawo, domin kafin a yi maganar rauni sai an fara tabbatar da cewa aikin ya wanzu. Shi ya sa duk wanda ke aiki ba lambar Kes ya kamata ya adana abin da zai nuna yana aiki a wurin: saƙon waya da ake tura masa kuɗi, littafin da ake rubuta sunayen leburori, katin shiga, hotonsa a wurin aiki, sunayen abokan aiki.

Awa 48 na farko

Doka ta ba maigida awa 48 ya kai rahoton haɗari ga sufeton ƙwadago da kuma Kes. Kafin nan wajibinsa ne ya ba da taimakon farko, ya kai wanda ya ji ciwo likita. Shi kuma ma'aikaci, ko wani nasa, ya sanar da maigida nan take, a gaban shaidu, ko da raunin ya yi kama da ƙarami. Ciwon baya da bugun kai sukan yi shiru kwana biyu kafin su tashi.

Takarda mafi muhimmanci a duk dosiyen ita ce shaidar likita ta farko. A cikinta likita ke rubuta ranar haɗari, irin raunukan da ya gani ɗaya bayan ɗaya, da kwanakin hutun da ya ba da. Duk abin da bai shiga wannan takarda ba, da wuya a karɓe shi daga baya. In mutum ya karye a ƙafa kuma kafaɗa na masa ciwo, ya tabbata an rubuta kafaɗar, domin bayan wata shida in hannun ya ƙi ɗaguwa, tambayar farko ita ce ina aka ambace shi.

A nan ne al'adarmu ke karo da tsarin. Da an ji karaya, sai a nufi gidan maɗori. Ba za mu shiga gardamar iyawarsu ba, amma maɗori ba ya ba da takarda, ba ya ɗaukar hoton ƙashi, kuma Kes ba ta san shi ba. Mutum ya yi kwana arba'in a ɗaure da karare, ƙafa ta warke a karkace, sannan a zo Babban Asibitin Zinder ana neman likita ya rubuta abin da bai gani ba. Ko iyali sun dage sai ɗorin gida, a fara zuwa asibiti a yi hoto, a karɓi shaidar farko.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Maigida ya roƙi yaro ya ce wa likita a gida ya faɗi, ko wasan ƙwallo ne, da alkawarin zai ɗauki nauyin komai. Da zarar wannan magana ta shiga rajistar asibiti, ma'aikaci ya ba da shaida a kan kansa. In haɗarin hanya ne kuma, a kira ƴan sanda ko jandarma su yi awon wurin su rubuta, kafin a janye babur.

Idan maigida ya ƙi kai rahoto, ma'aikaci ko magadansa na da ikon kai shi da kansu ofishin sufeton ƙwadago da na Kes. Akwai wa'adi, kuma tun kafin wa'adin ya cika shaidu kan watse, musamman leburorin da ke zuwa cin rani su koma gona da faɗuwar ruwa. In raunin mai tsanani ne ko an rasa rai, ana buɗe bincike na musamman.

Yadda ake lissafin kuɗin

Abu na farko magani ne: ganin likita, aikin tiyata, kwanciya asibiti, magunguna, kuɗin ɗaukar majiyyaci, ƙafa ko hannun roba da gyaransu, da motsa jiki don gaɓa ta dawo aiki. Wannan duk a wuyan Kes yake. A adana kowane rasit da kowace takardar magani.

Na biyu kuɗin kwanakin jinya. Ranar da haɗarin ya faru, maigida zai biya ladanta cikakke. Daga washegari Kes ke ɗauka: rabin ladan yini a kwana 28 na farko, sannan kashi biyu cikin uku daga kwana na 29 har a warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. A ɗauki misalin mai albashin 90,000, wato kimanin 3,000 a yini. Kwana 28 a kan 1,500 sun ba da 42,000. In jinyar ta kai kwana 60, sauran kwana 32 a kan 2,000 sun ba da 64,000. Jimla 106,000, a maimakon 180,000 da zai samu da yana aiki. Ba cikakken albashi ba ne, kuma gara iyali su san haka tun farko.

Na uku, wanda shi ne zuciyar maganar, kuɗin naƙasa. Idan jinya ta ƙare, likita zai ba da shaidar ƙarshe: ko an warke sarai, ko an bar tabo mai rage ƙarfin aiki. Likitan Kes zai auna wannan ragi da kashi cikin 100, yana duba irin raunin, shekarun mutum da sana'arsa. In bai kai kashi 10 ba, ana biya dunƙule sau ɗaya. Daga kashi 10 zuwa sama, kuɗi ne da ake biya lokaci-lokaci muddin rai.

Lissafin na da wata ƙa'ida da ke ruɗa mutane. Ba a ɗaukar kason naƙasar yadda yake. Ɓangaren da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, ɓangaren da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa. Mai naƙasa kashi 30, kashi 15 na albashin shekara zai samu. Mai kashi 70: hamsin ɗin farko sun koma 25, ashirin ɗin sama sun koma 30, jimla 55. Mai kashi 100 ya samu 25 da 75, wato albashin gaba ɗaya. A kan albashin shekara na 1,080,000, mai kashi 30 zai riƙa karɓar 162,000 a shekara, mai kashi 70 kuma 594,000. Wanda ya naƙasa har sai da mai kula da shi a kullum, ana ƙara masa kashi 40 cikin 100. Masu manyan albashi ba duka ake sa musu a lissafi ba.

Daga nan za a gane illar wata al'ada da ma'aikata da kansu ke amincewa da ita: a ba mutum 90,000 a hannu, a rubuta wa Kes 60,000 don a rage kason kowa. Ranar da yatsu suka tafi, da 60,000 za a yi lissafi. Kashi 15 na 720,000 shi ne 108,000. An yi asarar 54,000 kowace shekara har ƙarshen rayuwa.

Kason naƙasa ba a kafe yake ba. In raunin ya tsananta ko ya dawo, ana iya neman a sake aunawa da sabuwar shaidar likita. In an samu sauƙi kuma, Kes na iya ragewa.

Idan an rasa rai

Matar mamaci na samun kashi 30 cikin 100 na albashinsa na shekara. In mata sun fi ɗaya, su raba wannan talatin ɗin daidai. Ƴaƴa biyun farko kowane kashi 15, na bayansu kowane kashi 10, marayan da ya rasa uwa da uba kashi 20. Iyayen da mamacin ke ɗauke da nauyinsu kowane kashi 10. Jimlar ba ta wuce kashi 85. Mamacin da ya bar mata biyu, ƴaƴa huɗu da iyaye biyu, lissafinsa ya kai 100, don haka za a rage wa kowa gwargwado har a dawo 85. Akwai kuma taimakon kuɗin jana'iza.

Kes ba ta bin rabon gado wajen wannan biya, da sunan kowane mai haƙƙi take bayarwa, kuma da takarda take sanin sa. Auren da aka ɗaura a zaure ba a kai shi magajin gari ba, da yaron da ba shi da takardar haihuwa, su ne ke tsayar da dosiye watanni, sai an je kotu an nemo hukuncin da ke maye gurbin takardar. Magidancin da ke aikin haɗari ya gyara waɗannan tun yana da rai.

Sulhun zaure da abin da ke bayansa

Ya kamata a yi wa kowane ɓangare adalci. Mai ƙaramin gareji zai ce ribarsa ba ta kai ba, yaransa yau suna nan gobe sun tafi, kuma sau da yawa ɗan ƙanwarsa ne ko ɗan maƙwabci da aka kawo masa amana. Ma'aikaci kuma na tsoron in ya kai ƙara ya rasa aikin, a kuma ce ya ci amanar wanda ya riƙe shi. Ga buƙatar kuɗi yau, alhali dosiye na ɗaukar lokaci. Sufetocin ƙwadago kuwa ba za su iya leƙa kowane shago ba a jihar da ta miƙe daga iyakar Najeriya har Tasker. Saboda haka dattawa kan shiga tsakani, a ba da jika ɗari biyu, wato sefa 200,000, a yi fatiha.

Sulhu ba laifi ba ne, kuma taimakon maigida abin godiya ne. Matsalar ita ce a mayar da shi madadin kai rahoto. A auna: jika 200 sau ɗaya, da 162,000 kowace shekara na mai naƙasa kashi 30. A shekara 20 kuɗin naƙasar sun kai 3,240,000. Mai shekara 25 da ya rasa rabin hannu, ya karɓi jika ɗari biyu ya yi shiru, ya sayar da gonar da zai ci shekaru a kan kuɗin buhu ɗaya. Kai rahoto kuma ba kai ƙarar maigida ba ne. In ya yi rajista, rahoton ma shi ke sauke masa nauyi, tunda Kes ce za ta biya.

In akwai mai laifi fa?

Tunda tsarin na biya ba tare da neman mai laifi ba, a ƙa'ida ma'aikaci ba ya sake bin maigida neman wata diyya a kan raunin. Amma in maigida ya yi sakaci marar uzuri, misali an sha gaya masa wayar wuta a buɗe take ko katakon gini ya ruɓe bai gyara ba, ana iya ƙara kuɗin naƙasar, kuma ƙarin a kansa zai faɗa. Kundin Ƙwadago ya wajabta masa samar da kayan kariya da koya wa ma'aikata haɗurran aikin.

In wani na waje ne ya jawo haɗarin, kamar direban da ya buge ma'aikaci a hanyar aiki, ƙofofi biyu ne a buɗe. Kes ta biya nata, sannan ma'aikaci ya bi inshorar motar don abin da Kes ba ta rufe ba, ƙarƙashin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka kan harkar inshora da Nijar ke cikinta. Ita ma Kes za ta bi mai motar ta karɓi abin da ta kashe, don haka kada a sa hannu a takardar yafiya da direba ko kamfanin inshora ba tare da an sanar da ita ba.

Komawa aiki da hanyar ƙorafi

Muddin ma'aikaci na jinyar haɗarin aiki, kwantiraginsa a dakace yake, ba a yanke ba. Maigidan da ya ce ya ɗauki wani, kada a dawo, ya yi kora ba bisa ƙa'ida ba, kuma wannan wani haƙƙi ne daban da na raunin. Kuɗin naƙasa ba sa hana mutum komawa aiki ya ci gaba da karɓar albashi.

In an yi saɓani da maigida, matakin farko ofishin sufeton ƙwadago ne, inda ake kiran ɓangarorin biyu a gwada sasantawa, a rubuta abin da aka cimma ko aka kasa. In ba a daidaita ba, sai kotun ƙwadago, wadda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara a gabanta. In kuma da kason da likitan Kes ya yanke ne ba a yarda ba, ana neman a sa wani ƙwararren likita ya sake dubawa; takardar hukuncin da Kes ke aikowa ita ce za a karanta da kyau, ko a kai wa mai jin faransanci a ranar da ta iso, domin wa'adin ƙorafi daga ranar karɓarta yake fara tafiya. Wakilan ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN, CNT da CDTN na raka membobinsu, marasa hali kuma na iya neman taimakon hukumar ANAJJ mai ba da agajin shari'a. Duk takardar da za a miƙa a kowane ofishi, a yi mata kwafi, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin, a riƙe shi a gida.